Darasi: Ɗora Tof ɗin Wani Inji a Kan Wani

Idan inji ya ɗauki zafi har ya ƙona gasket, abin da bakanike zai fara saukewa shi ne tof, wato saman injin da ke rufe bakin silinda, inda bawul da kamshaf da fulogi suke zaune. Sau da yawa akan tarar ya lanƙwashe, wani lokacin ma ya tsage. Daga nan sai maganar neman wani ta taso. Mai mota yana sauri, aljihunsa kuma ba nauyi. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna kuwa, ga su nan jibge, 'yan Kwatano da waɗanda aka ciro daga motocin gida. Mai shago zai ɗago ɗaya ya ce, "Alhaji, wannan zai hau. Ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

Ba lallai ne ƙarya yake yi ba. Kamfanonin mota sukan ƙera injuna dangi-dangi, su bar ramukan noti a wuri ɗaya shekara da shekaru, don haka tof ɗin wannan yakan zauna daram a kan bulok ɗin wancan, notuna goma duk su shiga. Sai dai Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ne. Shigar noti tambaya ɗaya kawai ta amsa. Akwai sauran tambayoyi, kuma su ne ke raba injin da zai yi shekaru yana aiki da wanda zai dawo gareji kafin wata ya ƙare. Su ne abin da wannan darasi zai koya muku.

Fara da lambar inji, ba sunan mota ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tafi kasuwa da sunan mota. "Tof ɗin Corolla nake so" ba magana ba ce, domin Corolla ta ɗauki injuna iri-iri a tsawon zamaninta. Kowane inji yana da lambarsa da aka buga a jikin bulok. A goge wurin da tsumma da ɗan kananzir, a karanta, a rubuta a takarda.

Mu ɗauki dangin da kusan kowane gareji a Arewa ya sani: 4A-FE, 5A-FE da 7A-FE na Toyota, waɗanda ke cikin tsofaffin Corolla da Carina E da Avensis na farko. Idan aka jera su a ƙasa, ba kowa ne zai bambanta su ba. Amma faɗin silindar 4A-FE milimita 81 ne, girmansa cc 1587. Shi ma 7A-FE faɗinsa 81, sai dai fistin ɗinsa ya fi yin doguwar tafiya, milimita 85.5 maimakon 77, shi ya sa ya kai cc 1762, bulok ɗinsa kuma ya fi tsayi. Shi kuwa 5A-FE, faɗin silindarsa 78.7 ne kacal. Ke nan gasket ɗin 5A ba na 4A ba ne, ko da ramukan notinsu sun yi daidai. Haka kuma idan aka ɗora tof a kan bulok ɗin 7A, bel ɗin taimin da za a saya na 7A ne, domin tsawon bel bulok yake bi, ba tof ba.

Ko lambar ma ba ta gama magana. Injunan 4A-FE na farko-farko, nozul ɗinsu a jikin tof yake shiga kai tsaye. Waɗanda suka biyo baya, daga wajen 1992, an mayar da nozul cikin manifol. Suna ɗaya, tof biyu. Haka 1ZZ-FE na Corolla: waɗanda aka sayar a Amurka a 1998 da 1999 ba su da VVT-i, daga 2000 aka sa musu. Tof mai VVT-i yana da wani bawul na baƙin mai da ke juya lokacin kamshaf, yana buƙatar wayarsa, yana kuma buƙatar ƙwaƙwalwar motar da ta san da zamansa. Idan aka haɗa shi da motar da ba a yi ta da shi ba, ko aka yi akasin haka, wutar gargaɗi na iya kamawa a gaban direba, inji ya riƙa aiki rabi da rabi.

Tsofaffin kanikawan da suka yi zamani da Fijo, tun bayan da aka buɗe masana'antar haɗa ta a Kaduna a 1975, sun san irin wannan tun tuni. A 504 akwai inji mai cc 1796 da mai cc 1971. Tafiyar fistin ɗaya ce, milimita 81, amma faɗin silinda 84 ne a ɗaya, 88 a ɗayan. Waɗannan injuna kuma silindarsu zarewa ake yi, ba haɗe take da bulok ba, ruwa ne ke kewaye da ita. Shi ya sa ba a fizgar tof ɗin Fijo sama da ƙarfi, sai an ɗan girgiza shi gefe ya rabu da gasket, kuma ba a juya inji bayan an sauke tof sai an danne silindun da wani abu. Wanda bai san wannan ba, zai gyara sama ya ɓata ƙasa, ruwa ya riƙa zuba cikin baƙin mai.

Gasket ne alƙali

Hanya mafi sauƙi ta gane ko tof zai yi, ba ta buƙatar wata na'ura. A tafi kasuwa da tsohon tof da kuma sabon gasket na bulok ɗin da ake gyarawa. A kifa tof ɗin da za a saya, a shimfiɗa gasket a fuskarsa, a bi ramuka ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Sannan a dawo gareji a shimfiɗa gasket ɗin nan a kan bulok, a sake bi.

Ramuka iri uku ne ban da manyan bakunan silinda. Akwai na noti. Akwai na ruwa, waɗanda ke kai ruwan lagireto ya kewaya wuraren da suka fi zafi, musamman gefen bawul ɗin hayaƙi. Akwai na baƙin mai: ƙaramin rami ɗaya da mai ke hawa ta cikinsa da ƙarfin famfo ya shafa kamshaf, da manyan ramukan da yake gangarowa ya koma ƙasa. Ƙaramin ramin nan shi ya fi kowanne haɗari. Idan ya kauce ko da rabi ne, kamshaf zai yi ta juyawa a bushe, cikin ƙanƙanin lokaci ya cinye mazauninsa, tof ɗin da aka kashe wa kuɗi ya zama na 'yan gwangwan.

Akwai misali sananne daga masu sha'awar gudu da mota a Amurka. Sukan ɗauki tof ɗin Honda B16A mai VTEC su ɗora a bulok ɗin B18 marar VTEC. Faɗin silinda ɗaya ne, milimita 81, notuna ma suna shiga. Amma bulok ɗin ba shi da hanyar mai a inda tof ɗin yake jiran ta. Dole su toshe ramin da ke fuskar tof, su jawo wani bututun mai ta waje, su kuma gyara mazaunin 'yan sandunan nan biyu da ke saita tof a kan bulok. Sun san abin da suke yi, kuma da gangan suke yi. Abin tsoro shi ne bakaniken da ya faɗa irin wannan haɗi bai ma san ya faɗa ba.

Bayan fuska, a duba gefuna. Shin bakunan iska da na hayaƙi sun yi daidai da manifol ɗin motar, siffarsu da ramukan notinsu? Akwai mazaunin distiributa, ko kuwa tof ɗin na mai kwayil a kan kowane fulogi ne? Ramukan sensa na zafin ruwa da na kamshaf suna nan, zarensu kuma iri ɗaya ne? Waɗannan ba sa kashe inji, amma su ne ke sa mota ta kwana sati a gareji ana yawon neman ƙananan kaya, mai ita yana ta zarya.

Kwarmin tof da lissafin matsi

Nan ne ya kamata mu ɗan zauna, domin shi ne abin da ido ba ya gani kuma kanikawa da yawa ba sa aunawa.

A fuskar tof, saitin kowace silinda, akwai kwarmi inda kawunan bawul da bakin fulogi suke. Idan fistin ya hau ƙololuwa, duk iska da fetur ɗin da silinda ta zuƙa sai su matsu cikin ɗan sararin da ya rage: kwarmin tof, da kaurin gasket, da ɗan lotsawar da ke kan fistin idan akwai. Gwargwadon ƙanƙantar wannan sarari, gwargwadon ƙarfin matsi. Idan aka ce matsin inji 9.5 ne, ana nufin sararin da ke sama da fistin lokacin da yake can ƙasa ya ninka wanda ya rage lokacin da yake sama sau tara da rabi.

Ga yadda ake lissafin. Ku ɗauki biro. Injin 4A-FE cc 1587 ne, silinda huɗu, kowace ta tashi da kusan cc 397. A ce matsinsa 9.5. Sai a cire 1 daga 9.5, ya zama 8.5, a raba 397 da 8.5. Amsa ita ce kusan 46.7. Wannan shi ne sararin da ya rage idan fistin yana sama.

To a ce an kawo wani tof da kwarminsa ya fi na asali ƙanƙanta da cc 4, abin da bai cika ƙaramin cokali ba. Sarari ya koma 42.7. A haɗa 397 da 42.7, a raba da 42.7: matsi ya tashi zuwa kusan 10.3. Idan kuwa kwarmin ya fi faɗi da cc 4, sarari ya zama 50.7, matsi ya faɗo zuwa 8.8.

Kowanne yana da illarsa, amma ba ɗaya suke ba. Idan matsi ya yi ƙasa, mota za ta yi sanyin jiki, ta ƙara shan mai, ta riƙa nishi a hawan tudu. Abin haushi ne, amma ba ya kisa. Idan ya yi sama fiye da abin da fetur zai jure, sai wani ɓangare na man ya riƙa fashewa da kansa ba tare da ya jira wutar fulogi ta iso shi ba. Direba zai ji wata siririyar ƙara, ƙyas-ƙyas, idan ya taka totur da kaya a mota. Wannan ƙarar duka ce fistin yake sha. Tana karya gefen zobe, tana huda kan fistin, tana sake ƙona gasket. A ƙasashen da gidan mai ke sayar da fetur kala biyu ko uku, mai irin wannan inji sai ya koma sayen mai tsada wanda ya fi jure matsi. Mu a nan, abin da famfo ya zubo shi ke nan. Ga kuma zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda yakan haura digiri 40, wanda ke ƙara wa abin muni. Saboda haka a ganina, bakaniken da ke aiki a wannan ƙasa, idan har dole sai matsi ya kauce daga na asali, gara ya kauce ƙasa kaɗan da ya kauce sama.

Auna kwarmin ba shi da wuya. Ana buƙatar sirinji mai lambobi irin na kantin magani, da ɗan faifan roba mai garai-garai da aka huda ƙaramin rami a gefensa, da ɗan giris, da kananzir. A kifa tof a kan teburi a daidaita shi, bawul a rufe, fulogi a ɗaure. A shafa giris kaɗan a kewayen kwarmin, a manna faifan robar. Sai a riƙa ɗura kananzir ta ramin ana ƙirga abin da ya shiga, har kumfar iska ta ƙarshe ta fita. A yi wa tsohon tof, a yi wa sabon, a kwatanta. In da hali a auna kwarmi biyu ko fiye a kowanne. Aikin bai wuce rabin awa ba.

Tarihin tof ɗin da aka sayo

Tof ɗan Kwatano ya yi rayuwa kafin ya iso hannunku, kuma ba zai ba da labari ba sai an tambaye shi da awo. Yawancinsu na alminiyom ne, wanda ke buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Shi ya sa zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi.

A kankare fuskarsa tas ba tare da an karce ta ba. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye, a kwance, da kuma kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa gwada zura siraran ƙarafan fila a ƙarƙashinsa. A yawancin ƙananan injunan Toyota, iyakar da kamfani ya yarda da ita milimita 0.05 ce. Idan filar da ta wuce haka ta shige, sai a kai wa masu injin wanke fuska. Ita ma fuskar bulok a auna ta haka nan. Mutane sukan manta da ita.

Wanke fuska kuwa yana da farashinsa. Duk abin da aka ɗebe daga fuska, daga kwarmi aka ɗebe. A silinda mai faɗin milimita 81, cire milimita 0.2 kan iya rage har kusan cc 1. Ya kuma kusanto da bawul zuwa ga fistin, ya kusanto da kamshaf zuwa ƙasan inji, abin da ke sa taimin ya ɗan ja baya. Tof ɗin da aka riga aka wanke sau biyu a Turai ko a Legas, idan aka ƙara na uku a nan, lissafin da muka yi ɗazu zai kama shi. A auna tsayinsa a kwatanta da tsohon. Wasu kan ɗora gasket biyu don su cike giɓin. Kada ku yi. Tsakanin gasket da gasket hanya ce da wuta za ta bi. A injunan dizal, irin na Hiace da Hilux, kaurin gasket ma ba zaɓin rai ba ne: ana auna yadda fistin ya leƙo sama da fuskar bulok, a zaɓi gasket mai alamar da ta dace da awon.

Tsaga takan ɓuya tsakanin mazaunin bawul biyu, ko tsakanin bawul da ramin fulogi. A wanke a duba da fitila. Wanda ke da halin kaiwa a gwada shi da iska mai ƙarfi a cikin ruwa, ya kai, domin wata tsagar a cikin hanyar ruwa take. Don gwada bawul, a cika kwarmi da kananzir a jira, a ga ko zai tsattsafo ta bakin iska ko na hayaƙi. In ya tsattsafo, sai an goga bawul da mazauninsa. Robobin wuyan bawul kuwa a sauya su duka, ko da sun yi kyau a ido, tunda tof yana ƙasa kuma ba su da tsada.

Abu ɗaya da ba a musanyawa ko kaɗan: murafun da ke danne kamshaf. A kamfani tare aka huda su da tof ɗinsu, kowanne da lambarsa da kibiyarsa. Idan mai shago ya ce, "Biyu sun ɓace, amma ga wasu na cike maka," a ajiye masa kayansa.

Ranar ɗorawa

A busar da ramukan noti na bulok. Ruwa ko mai da ya kwanta a ƙasan rami ba ya matsuwa. Idan noti ya sauka a kansa, ko dai ya ba da awon ƙarya ko ya tsaga bulok. A duba zaren ramukan da kyau, musamman a bulok na alminiyom. Injin 2AZ-FE na Camry ɗin 2002 zuwa 2006 ya yi suna da wannan: zaren wasu ramukan noti yakan saki a cikin bulok, gasket ya fara yoyo, a ɗora wa tof laifin da ba nasa ba. A irin wannan ko tof nawa aka sauya, sai an dasa sabon zare na ƙarfe a ramin kafin a samu lafiya.

Notunan tof na injunan zamani an yi su ne su ɗan miƙe idan an ɗaure. Shi ya sa littafin gyara yake ba da awo kashi biyu. A 1ZZ-FE, alal misali, ana ɗaurewa da sifana mai awo zuwa 49 Nm, sannan a ƙara juya kowane noti digiri 90, wato rubu'in zagaye. Notin da ya riga ya miƙe ya sirance, sai a sauya shi. Ana fara ɗauri daga tsakiya a fita waje, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Kwancewa kuma daga waje ake farowa. Yaron gareji da ke sa dogon bututu a sifana ya hau da ƙarfinsa yana ganin ƙwazo yake yi, alhali lanƙwasa tof yake tun kafin a tayar da inji. Gam kuma ba shi da aiki a fuskar gasket ɗin tof.

Idan tof ɗin ba na wannan lambar injin ba ne, ko an wanke shi sosai, akwai gwaji ɗaya da ya cancanci wahalarsa. A ɗora 'yar laka mai laushi, irin ta wasan yara, a kan fistin, a ɗora tof da tsohon gasket, a saita taimin, a juya inji da hannu zagaye biyu a hankali. In an ji ya cije, kada a tilasta. A sauke tof, a yanka lakar a ga kaurin da bawul ya bari. Ko ba a yi gwajin laka ba, juya inji da hannu zagaye biyu kafin a taɓa makulli wajibi ne a kowane aiki. Daga nan a auna tazarar bawul inji yana sanyi. A 1ZZ-FE, 0.15 zuwa 0.25 ne a gefen iska, 0.25 zuwa 0.35 a gefen hayaƙi.

Saura tambayar da ya kamata a yi tun ranar da mota ta shigo: me ya sa injin ya ɗauki zafi tun farko? Tof ba ya lanƙwashewa haka kawai. Ko lagireto ya toshe, ko fanka ba ta tashi, ko famfon ruwa ya cinye, ko murfin lagireto ba ya riƙe iska. Ruwan rijiya da ake ɗurawa maimakon ruwan sanyaya inji na gwangwani yana tara tsatsa da gishiri, yana kuma cin alminiyom ta ciki. Cire tamostat da aka mayar al'ada, wai don ƙasarmu da zafi, ɓoye ciwon yake yi ba magance shi ba, ya kuma bar inji yana shan mai fiye da kima. Idan Alhaji ya ce, "Malam, kai dai ɗora tof ɗin, lagireton sai wani watan," a gaya masa gaskiya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, in ba a taɓa lagireton nan ba, kuɗin tof sau biyu za ka biya."

Aikin da za ku zo da shi

Kowa ya nemi izinin maigidansa ya karanto lambar inji daga jikin bulok na motoci uku da ke garejinsu, ya rubuta ta tare da sunan motar. Sannan ku yi wannan lissafi a littafinku: inji mai silinda huɗu, cc 1794, matsinsa 10. Nawa ne sararin da ke ragewa idan fistin yana sama? Idan aka ɗora masa tof da kwarminsa ya ragu da cc 3, matsin zai koma nawa, kuma wace shawara za ku ba mai motar? Wanda ke da tsohon tof da aka jefar a garejinsu ya taho da shi, tare da sirinji da kwalbar kananzir, domin a zama na gaba da hannunku za ku auna kwarmin.